Baturen da Ya Zo Koya wa Fulani Tatsa

Ku matso in ba ku labarin Mista Fikarin, Baturen mishan ɗin da ya sauka Darini a zamanin mulkin Turawa, ya yi kwana huɗu yana kokawa da saniyar Kulu.

Da farkon damina ya iso ta hanyar Batsari, shi da kukunsa Armaya'u da jakuna uku niƙi-niƙi da akwatuna. Saurayi ne dogo siriri, gemu ko tsiro bai yi masa ba. Manyansa sun turo shi ne ya wanke gyambo, ya ɗiga maganin ciwon ido, ya koyi Hausa, ya kuma kama bakinsa. Ukun farko ya karɓa hannu bibbiyu. Na huɗun ne dai Allah bai hore masa ba. Mai gari ya ba shi wani ɗaki mai jinka a bakin hanyar kasuwa, jifa ɗaya tsakaninsa da rugar Manu.

Kulu matar Manu ce, ta ba hamsin baya, ba ta da yawan magana amma in ta yi guda tana isa. Shanun garken nan duk na Manu ne da 'yan'uwansa, ban da guda ɗaya, Wule mai farin goshi. Ita kam ta Kulu ce halak malak, jikar saniyar da uwarta ta ba ta a garinsu, Babban Duhu. Sauran zuri'ar duk cutar bushiya ta kwashe su a shekara ɗaya. Sai a daminar nan Wule ta haifi 'yar maraƙa mace, mako uku ke nan, Kulu kuwa ji take da ita kamar ƙwai a cokali.

Ranar Litinin da hantsi Kulu na tatsa, Manu na zaune da maƙwabcinsu Malam Maude mai makarantar allo, sai ga Bature da hular kwano. Manu ya miƙe ya fara gaisuwa, ya gajiya, ya baƙunta, ya ruwa. Bature ya ce, “Lafiya, lafiya, lafiya,” ya biya duka a dunƙule, ya wuce wajen saniya.

Kulu ta yi yadda aka saba tun kaka da kakanni. Ta kwance maraƙa daga dangwali, ta bar ta ta tunkuɗi hantsar uwar ta sha, har nono ya sauko. Sannan ta janye ta, ta ɗaure ta a ƙafar uwar ta gaba, uwa na lasar ɗiya, ita kuma tana tatsa cikin ƙwarya. Ta bar wa maraƙa rabonta.

Bature ya dafe ƙirji. “Kai! Wannan ɓarna ce. Uwargida, maraƙar nan tana shanye rabin madarar!”

Kulu ta ce, “To ai na uwarta ne.”

“A ƙasarmu ranar da saniya ta haihu ake ɗauke ɗan. Kakana shanu tamanin gare shi. Ni da hannun nan nawa nakan cika bokiti biyu kafin shayi ya huce.”

Daga baya Armaya'u ya tsegunta wa Kulu cewa mako biyu tak Bature ya taɓa yi a gonar kakan nasa, aikinsa kuwa riƙe ƙofa in shanu za su wuce. Amma a ranar babu wanda ya sani.

Nan take ya nemi Manu ya ara masa saniya mai ɗa zuwa Alhamis, ranar kasuwar Batsari. In ya cika bokiti a gaban jama'a babu maraƙa, a bar masa ita har ƙarshen damina, ya riƙa raba wa marasa lafiya madara. Manu kuwa Bafulatani ne na ainihi, a ce baƙo ya roƙe shi abu a gaban mutane ya ce a'a, gara a ce ya kwanta zazzaɓi. Ya dubi shanunsa ɗaya bayan ɗaya, ya dube su da kyau, sannan ya nuna Wule ya ce, “Wagga ita ce mai haƙuri.”

Ba a musa wa miji a gaban baƙo. Sai da aka kora saniya da ɗiyarta Kulu ta juyo.

“Maigida, cikin shanu arba'in tawa ce mai haƙuri?”

“Ke, kwana huɗu ne.”

“In ya cika bokitin fa?”

“Ba ya cikawa.”

“In bai cika ba hantsa ta kumbura ta lalace, ɗiya ta mutu da yunwa. In ya cika na rasa su duka damina. Wanne ka zaɓa mini?”

Manu ya ce bari ya leƙa wani bijimi da ke ɗingishi. Babu bijimin da ke ɗingishi.

A hanya Bature ya buɗe wa Malam Maude cikinsa. Ya ce shi ya gano bakin zaren. In ya nuna wa mutanen nan gaskiya a kan madara, za su saurare shi a kan sauran al'amura, kafin kaka Darini da Safana duk sun taru a ƙofarsa.

Malam Maude ya ce, “Madalla. Fara da madarar.”

Da la'asar aka fara. Kulu ta tsaya jikin zana tana leƙe. Bature ya kafa turke a ƙofar ɗaki ya ɗaure Wule, ya kai maraƙa bayan ɗaki ya ɗaure. Ya wanke hannu da sabulu har gwiwa. Ya fito da sabon bokiti mai walƙiya da 'yar kujera mai ƙafa uku. Armaya'u ya miƙo igiya a ɗaure ƙafafun baya, Bature ya ce saniya ba fursuna ba ce. Ya zauna, ya kafa goshi a cikinta, ya kama ya ja.

Shiru. Ya sake ja. Wule ta waiwayo ta dube shi, ta mai da kai. Ya ja na uku da ƙarfi, sai ji aka yi ƙwal! Bokiti ya tashi sama ya faɗa cikin gonar gyaɗar mai gari, kujera ta yi gabas, Bature ya yi yamma.

Ya tashi yana kakkaɓe wando ya ce, “Haka suke yi ranar farko.”

Malam Maude da ke wucewa masallaci ya ce, “Rana ta biyu fa?”

“Sai su saba.”

“Su wa, su ko kai?”

Ranar Talata Bature ya ce ya gano matsalar. Saniya na hango ɗiyarta ta kusurwar ɗaki, shi ya sa hankalinta ya rabu. Ya ɗauki maraƙa ya shigar da ita ɗakinsa, ya ja ƙyaure. Ya dama mata madarar gwangwani a kwano, ya tsoma yatsa ya ba ta tsotsa. Ta tsotsi yatsa, ta taka kwanon. Kafin azahar zawo ya kama ta, ta bi tabarma da takalma da akwati ɗaya ta yi musu alama. Ta kuma cinye kusurwar gidan sauro.

Wule kuwa tun safe take kuka, kukan da ke shiga har cikin ƙashi. Maraƙa na amsawa daga ciki. Kulu na rugarsu tana burga nono, hawaye na ɗiga cikin ƙwarya, haushin Manu ya cika ta har wuya.

Da yamma Bature ya fito da garmaho. Ya ce a ƙasarsu saniya in ta ji waƙa mai sanyi nono da kansa yake zuba. Ya murɗa hannu, ya ɗora faifai, wata mata ta kama rera waƙar coci da siririyar murya. Mutanen Darini suka fito ƙwansu da kwarkwatarsu. Wata tsohuwa, Larai, ta zagaya bayan akwatin ta leƙa ta ce, “Ita wagga baiwar Allah mi ta yi aka kulle ta?” Aka yi faifai uku. Wule ta saurara tsaf, ta ɗaga jela, ta yi abin da shanu ke yi, daidai kan takalmin Bature.

“Alama ce mai kyau,” in ji shi. “Jikinta ya fara saki.”

Malam Maude ya ce, “Ya fara kam. Saura a samu ta inda ake so.”

Ranar Laraba Kulu ta ga hantsar Wule ta yi tam, jijiyoyi sun fito, saniya ba ta ko iya haɗa ƙafafu. Ta ce yau kam ko za a tsire ta sai ɗiyar nan ta sha. Ta jira azahar, lokacin da Bature kan tafi gindin tsamiya wanke gyambo, ta sami Armaya'u a madafi.

“Malam kuku, kana da 'ya'ya?”

“Biyar, Inna.”

“To buɗe mini ɗakin nan.”

Armaya'u dama ya gaji da wanke tabarma. Ya buɗe. Maraƙa ta fito tana layi, cinyoyi duk zawo, ta faɗa hantsar uwar. Wule ta yi wani nishi, ta hau lasarta. Kulu ta tsuguna tana shafa su tana yi musu magana da Fulatanci. Ba a fi rabin sha ba Armaya'u ya ce, “Inna, ga shi nan! Ya manta almakashi!”

Suka finciko maraƙa suka tura ɗaki, Kulu ta faɗa bayan zana. Bature ya iso, zai wuce sai ya ga nono na ɗiga daga hantsa, ɗis, ɗis. Ya daka tsalle, ya rarumo kofin shayinsa, ya tsuguna. Nonon da maraƙa ta sauko da shi bai gama komawa ba, ya samu rabin kofi.

Wayyo, zo ku ga murna. Ya ɗaga kofin sama ya zaga Darini da shi, gida gida, yana nunawa. Ya ce garmaho ne, sai da ya kwana a jikinta ya yi aiki. Ya aika wa mai gari, ya aika rugage uku, kowa ya tsaya gobe da hantsi a kan hanyarsa ta kasuwa ya ga ilimi. Ya tsaya gaban Manu da Malam Maude ya ce da an gama gobe za a kai maraƙa Safana wajen wan Armaya'u, ta zauna har kaka ana ba ta ruwan dusa, don uwar ta manta da ita sam.

Kulu ta ji wannan da kunnenta. Maraƙar mako uku a kan ruwan dusa, ko Safana ba za ta kai da ƙafarta ba. Ita da hannunta ta ba Bature rabin kofin da zai kashe mata zuri'a.

Alhamis da sassafe Armaya'u ya zo ruga da tausayinsa. “Inna, ya tafi rafi wanka. Zo mu sake yi, saniyar nan tana wahala.”

Kulu ta ce, “A'a.”

“Ba ki jin kukansu?”

“Na fi ka ji. In ta sha yanzu nono ya sauko, ya samu kofi guda, shi ke nan an kai ta Safana. Bar su su yi kuka.”

Ta faɗa da bushewar ido, amma da ya tafi sai da ta toshe kunnuwa da gefen zane.

Hantsi ya yi, hanya ta cika. Masu jakuna, masu kaji, masu gyaɗa, ga mata masu tallar nono sun fi ashirin sun sauke ƙore sun jeru gaba, waɗanda kowaccensu ta fara tatsa tun kafin ta yi haƙoran girma. An sha ruwan sama da asuba, ƙofar ɗakin ta yi caɓi. Mai gari ya zauna a kan buzu. Bature ya fito cikin fararen kaya fes, ya hau kan akwati.

“Jama'a! Shekara dubu kuna tatsa ba daidai ba. Ba laifinku ba ne, ba ku sami mai nuna muku ba. Yau kun samu.”

Wata mai nono ta ce, “Mun gode Allah da ya nuna mana wannan rana.”

Aka murɗa garmaho. Ya zauna, ya kama, ya ja. Shiru. Ya koma ɗaya gefen. Shiru. Ya sauya faifai. Wule ta kaɗa jela mai laka ta shimfiɗa masa a fuska, ta bar masa layi daga kunne zuwa kunne. Jama'a suka danne dariya.

Mai gari ya ce, “Bature, ko a kawo ɗiyar?”

“Ba a bukata, ranka ya daɗe!”

Tsohuwa Larai, da zuciya ɗaya, ta ce, “Mu dai in maraƙi ya mutu, fatarsa mukan cusa wa ciyawa, mu shafa kanwa, uwar ta lasa, sai ta saki nono.”

Idon Bature ya yi haske. “Yauwa! Kun gani? Ba ɗa take so ba, wari take so. Dama abin da zan faɗa ke nan.”

Cikin masu zuwa kasuwa akwai mai fatu, aka zaro busasshiyar fatar maraƙi. Aka ce a samo ciyawa a cusa. Bature ya ce ina, abin da ba ya motsi ba zai ruɗi saniya mai hankali ba, shi zai shiga. Armaya'u ya ce, “Maigida, ka tabbata?” Ya ce ya tabbata. Aka yafa masa fata a baya, aka ɗaure da igiya a ƙugu da wuya, aka jiƙa kanwa aka shafa. Ya cire hular kwano ya durƙusa da hannu da gwiwa cikin caɓi, ya ce Armaya'u ya riƙe bokiti ya shirya.

Malam Maude ya ce, “Jama'a ku shaida, ba mu muka sa shi ba.”

Bature ya rarrafa gaban Wule ya ce, “Mbeee.”

Wule ta sunkuyo ta shinshina. Ta ja baya. Ta sake shinshinawa. Kanwa dai kanwa ce, ta zaro harshe ta lasa tun daga gadon baya har ƙeya, ta haɗa da gashin kansa ta miƙar da shi tsaye.

“Tana karɓata! Armaya'u, ja!”

Armaya'u ya ja. Ko ɗigo.

“Mbeee!” in ji Bature da ƙarfi.

Sai aka amsa masa daga cikin ɗaki. Siririyar murya ce, ta galabaita, amma ta gaske. Wule ta ɗaga kai. Ta yi wani ruri da ya sa jakuna suka tsinke, ta fizgi igiya, turken da ruwa ya jiƙa ya tumɓuke. Turke ya wuce ta ƙarƙashin Bature ya sarƙe da igiyar ƙugunsa. Wule ta nufi ƙofa, Bature ya bi ta da baya, kwance, yana share caɓi da fararen kaya yana kiran Armaya'u. Suka bi ta kan garmaho, matar ciki ta yi ƙara ɗaya ta yi shiru. Ƙyaure ya karye biyu. Ƙahon Wule ya ɗauki gefen jinka, rabin rufin ya zame ya zauna a ƙasa.

To a nan ne dariyar da aka danne kwana huɗu ta ɓalle. Mata suka riƙe ciki, wani ya faɗo daga kan jaki, mai gari ya rufe fuska da hannun riga kafaɗunsa na rawa. Manu kaɗai ke duban sama kamar mai lissafin hadari.

Kulu ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki ƙwaryarta ta ratsa mutane ta shiga. Wule na tsaye tsakiyar ɗaki, ƙafa ɗaya cikin akwatin tufafi, maraƙa ta kafa kai tana sha tana kaɗa jela, sauran nonuwan uku na tsiyaya da kansu a kan gadon Bature. Kulu ta taɓa hantsa ta ji zafi amma ba ta yi dutse ba. Ta ce, “Alhamdu lillahi.” Ta bar ɗiya ta sha har cikinta ya fito, sannan ta tsuguna ta tatsa. Ƙwarya ta cika har kumfa na zuba.

Daga waje Manu ya ce, “Allah gafarta Malam, aro ya ƙare ko?”

Malam Maude ya ce, “Ya ƙare. An cika, sai dai ba bokiti ba, kuma ba shi ba.”

Bature na zaune a kusurwa, fata ta juyo gaba ta zame masa kamar zanen goyo, gashi a tsaye, gwiwa na jini. Ya buɗe baki ya ce, “A ƙasarmu…” sai ya tsaya nan. Kulu ta dube shi sosai, karo na farko, ta ga ashe wuyansa duk ƙashi ne, madarar gwangwanin da zai sha shayi da ita ma maraƙa ya ba. Haushin ya sauka, tausayi ya kama ta.

Ta miƙa masa ƙwarya. “Ungo, ɗan nan. Sha.”

Ya karɓa da hannu biyu ya kafa kai. Bai sauke ba sai da ya yi rabi, kumfa ta yi masa gashin baki.

Kulu ta ce, “Uwarka na da rai?”

“Tana da rai.”

“Tana ina?”

“Can gida. Kwana ashirin a jirgin ruwa.” Ya sunkuyar da kai, hawaye suka gangaro ta cikin laka.

Kulu ta juya wajen matan da suka cika ƙofa suna leƙe, ta ce, “To kun ji. Ku bar yi masa dariya. Shi ma da wuri aka cire shi.”

Ta kwance igiya daga wuyan Wule ta yar a ƙasa, ta sa maraƙa gaba, uwar ta bi su a baya har ruga.